Ƙosai yana gina jiki ne, ko mai kawai muke sha?

"Assalamu alaikum Anti. Don Allah ina da tambaya. Mu a gidanmu kusan kullum koko da ƙosai ne karin kumallo, ni da maigida da yara huɗu. To watan jiya maigida ya je asibiti aka ce sugansa ya fara hawa, jininsa ma ya ɗan hau. Yanzu gida ya rabu biyu, surukata ta ce ƙosai ai wake ne, naman talaka, babu abin da zai yi masa, ƙanwata kuma da ke karatun nas ta ce duk abin da aka soya guba ne, mu daina gaba ɗaya har yaran. Ni dai na rasa na kamawa. Shin akwai wani amfani a ƙosai, ko mai kawai muke sha?"
Daga wata baiwar Allah a Unguwar Dosa, Kaduna

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ba maigida lafiya. In na fahimce ki tambaya uku ce kika dunƙule wuri ɗaya: me ke cikin ƙosai, me suya ke yi masa, sannan wa ya kamata ya ci nawa. Kuma tun kafin mu yi nisa bari in faɗa miki, Hajiya surukarki ta yi gaskiya, ƙanwarki ma ba ƙarya ta yi ba, sai dai ita Hajiya wake take kallo, ƙanwarki kuma kasko take kallo.

Ni aikina kenan, tsara wa marasa lafiya abinci, yawanci masu suga da hawan jini da masu juna biyu. Amma kafin in san wani abu wai shi furotin na san ƙosai, don a gidan gwaggona na tashi a Tudun Wada kuma sana'arta kenan, ni ce mai kai waken injin markaɗe da asuba, bokiti a ka, ga sanyin hunturu ga layi. Saboda haka ba zan zo in ce miki ƙosai guba ne ba, da kuɗinsa aka saya min littattafan firamare.

Abin da ke cikin waken

Busasshen wake giram 100, wato rabin kofi da ɗan ɗoriya, yana da furotin wajen giram 24. Furotin shi ne mai gina tsoka da jini da gyara abin da ya lalace a jiki. Ƙwai ɗaya giram 6 ne ko kusa da haka, kin ga wannan ɗan waken ya yi kafaɗa da ƙwai huɗu kenan. Babban mutum mai nauyin kilo 70 yana bukatar kamar giram 56 a yini. To da Hajiya ta ce naman talaka ba ta faɗi ba daidai ba. Ƙari a kan haka akwai sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, akwai folik asid ɗin nan da ake ba mata a wurin awo, wake na cikin abincin da suka fi ƙunsarsa, akwai fotasiyam wanda ke taimaka wa mai hawan jini. Mai kuwa a jikin waken kansa bai kai giram 2 ba. Kolestarol, wato kitsen nan da ke taruwa a jijiyoyin jini, babu ko ɗigo, don shi a abincin da ya fito daga dabba ake samunsa. (Shi ya sa nake dariya in na ga an rubuta "babu kolestarol" da manyan baƙaƙe a galan ɗin mai, ai dama can babu man tsiron da ke da shi.)

Sitacin wake kuma a hankali yake narkewa, ba ya watsa suga cikin jini lokaci ɗaya irin yadda farin burodi ke yi. Wannan ki riƙe shi, za mu dawo kansa in mun zo maganar maigida.

Akwai wata hikima a koko da ƙosai da kakanninmu suka gano ba tare da sun shiga aji ba. Furotin kamar gini ne da bulo iri-iri. Gero da dawa da masara suna da ƙarancin wani bulo da ake kira laisin, wake kuwa yana da shi sosai. Shi kuma wake yana da ƙarancin wani da ake kira metiyonin, hatsi na da shi. In aka haɗa su kowa ya toshe ɓarakar ɗan'uwansa. Shinkafa da wake ma haka ne, ɗanwake da aka sa wa garin dawa ko alkama ma haka.

Kuma wake namu ne, Najeriya ce ta fi kowace ƙasa nomansa a duniya, Nijar na biye. Nan kusa da mu a Samaru ta Zariya cibiyar binciken noma ta Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe tana fitar da ingantattun iri masu suna SAMPEA. Ƙosan ma ya yi tafiya, Yarbawa na ce masa akara, bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma suka kai shi Barazil, har yau a jihar Bahiya ana soya shi da manja ana sayarwa a bakin titi kamar dai a Kawo.

Gyaran waken yana rage wani abu. In an surfa an wanke an zubar da ɓawon, wani kaso na dusar da ke gyara ciki ta hana basir da taurin bahaya ya tafi, zafin wuta kuma yana cin wani ɓangare na folik asid ɗin. Amma jiƙawa da wankewar suna da nasu amfanin, suna rage abubuwan da ke kumbura ciki da waɗanda ke hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe. Furotin dai yana nan, suya ba ta kashe shi.

Inda lissafi ke canzawa

Ga inda ƙanwarki ta shigo. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Giram ɗaya na sitaci ko furotin kalori 4 ne, giram ɗaya na mai kalori 9. Babban cokali ɗaya na mai wajen kalori 120 ne, ko na gyaɗa ne ko manja ko na zaitun mai tsada, duk ɗaya. Wancan waken giram 100 da muka ambata kalorinsa wajen 340. Mu ɗauka ƙullunsa ya sha cokali uku a kasko, 360 kenan, kin ga man ya wuce waken. Abincin ya ninka ƙarfinsa amma girmansa a faranti bai ƙaru ba, cikinki ma bai san an ƙara komai ba. Ga mai dako a kasuwar Bacci ko mai turin baro wannan alheri ne, kafin azahar ya ƙone shi tas. Ga wanda zai tashi daga tabarma ya shiga mota ya zauna a ofis ko shago har la'asar, a tumbi zai taru, tumbi kuwa shi ne babban abokin suga da hawan jini.

Abin daɗin shi ne yawan man da ƙosai ke sha ba ƙaddara ba ce, a hannun mai suya yake. Gwaggo ba ta taɓa jin kalmar kalori ba amma duk dokokin ta san su. Ƙullu ba a cika masa ruwa wurin markaɗe, in ya yi ruwa ya zama soso. Sai bugu, za ta zauna da muciya tana bugawa har ƙullun ya yi fari ya tashi, in ta ɗiga kaɗan a kofin ruwa ya taso sama to ya bugu, kuma gishiri sai za a fara suya take sawa, a ɗan abin da za ta soya a lokacin kawai, don in ya zauna da gishiri kwanciya yake. Sai zafin man. A lissafinmu digiri 170 zuwa 180 ake so, a lissafinta kuwa ta jefa ɗan ƙullu ko yankan albasa, in ya taso nan take yana cuuu to bismillah, in ya nutse ya kwanta a ƙasa a dakata, in kuma man na hayaƙi an wuce gona da iri, waje zai ƙone ciki ɗanye. Dalilin shi ne mai mai zafi yana ƙafar da bayan ƙosan da wuri, tururin da ke fitowa daga ciki kuma yana ture man. Mai mai sanyi kuwa shiga yake kai tsaye. Shi ya sa cika kasko dam don a gama da wuri kuskure ne, kowane ludayin ƙullu da kika zuba yana sauke zafin man.

Abu biyu da mutane ba su cika lura ba. Na ɗaya, ƙananan ƙosai 'yan mitsi-mitsi masu ƙaras-ƙaras ɗin nan da muka fi so sun fi matsakaita shan mai, saboda kusan dukkansu ɓawo ne, man kuwa a ɓawo yake zama. Na biyu, da yawan man bayan an tsame yake shiga, lokacin da ƙosan ke hucewa sai ya zuƙe wanda ke jikinsa. Don haka in kin ɗaga matsami ki ɗan girgiza shi a saman kaskon, ki zuba a kwando mai huji, kar ki tula su a roba na ƙasa na iyo a man na sama. Ki gwada wannan gobe: ki auna man da kofi kafin suya, in ya huce ki sake aunawa, ki raba abin da ya ɓace da yawan mutanen da suka ci. Nakan sa matan da ke zuwa wurina su yi haka, yawanci in sun dawo ba sai na ƙara wani wa'azi ba.

Man da ya tsufa

In akwai wurin da kalmar guba ta kusa dacewa to nan ne. Ba na ganin laifin masu sana'a, na san kuɗin mai, na kuma san ribar ƙosai ba ta taka kara ta karya ba. A yawancin kaskon bakin layi ba a zubar da mai, ƙari ake yi, na jiya a kan na shekaranjiya, a tsiyaya sabo kaɗan a kai. Duk lokacin da mai ya hau wuta ya sauka, iska da zafi da ruwan ƙullu suna farfasa shi, yana haifar da sinadarai masu cutar da jijiyoyin jini. Alamominsa ba ɓoyayyu ba ne: ya yi duhu, ya yi kauri yana danƙo a bakin kasko, yana kumfar da ba ta kwanciya, yana hayaƙi tun bai yi zafi sosai ba, ga wani ƙauri da ke maƙale a maƙogwaro. In kin ci ƙosai kika yini kina gyatsarsa da ƙwannafi, sau da yawa man ne ba waken ba.

A gida ki yi amfani da ƙaramin kasko mai zurfi don kar ki bukaci mai da yawa. In kin gama ki bari ya huce ki tace, don burbushin da ya ƙone shi ke saurin lalata shi, ki rufe ki ajiye inda babu rana. Ni a kicin ɗina ba na wuce suya biyu zuwa uku da mai ɗaya, kuma na kifi daban yake.

Wane mai? Mu nan komai man gyaɗa muke ce masa, alhali da yawan na kwalba da ake aunawa a kasuwa tataccen man kwakwar manja ne. Man gyaɗa na gaskiya, na masu ƙuli, yana jure wuta kuma irin kitsensa ya fi sauƙi ga zuciya. Manja yana da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, shi ne jan nan, amma in an ƙona shi har ya yi fari an kashe amfanin, kuma kusan rabinsa kitse ne mai daskarewa. Na kamfani kuma tun 2002 doka ta wajabta a ƙara masa bitamin A, ki duba alamar ido a jikin galan ɗin. Sai dai hasken rana na lalata bitamin ɗin, wanda ya yini a farar kwalba a kan tebur cikin rana kar ki sa rai da yawa.

Tunda muna kasuwa, ki shinshina waken kafin ki auna. Wasu na zuba maganin ƙwari a buhu don ajiya, a kan wannan ne ma Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu a 2015. Wake mai warin fiya-fiya ki bar shi ko da araha ne. Ni gara min mai ɗan huji nan da can.

To maigida fa?

Zan ba ki labarin wani bawan Allah mai tuƙa keke da aka turo min, sugansa ya ƙi sauka. Yana zama ya ce "Hajiya na ma daina cin ƙosai wallahi, sati uku kenan." Na ce to me kake karyawa da shi yanzu? Ya ce shayi da burodi. Suga cokali nawa? Ya yi shiru, sai ya ce mai shayin ne ke zubawa. Kin ga ya kori mai ɗan laifi ya bar ɓarawon a ɗaka.

A tiren karin kumallonku abin da zai fi saurin harba sugan maigida ba ƙosan ba ne, kokon ne. Gasara tatacciya ce, an cire dusar, sitaci ne zalla mai laushi da ruwa-ruwa, ga sukari a kai. Ƙaramin cokali ɗaya na sukari giram 4 ne, Hukumar Lafiya ta Duniya na cewa babba kar ya wuce kamar giram 50 a yini, in ya tsaya a 25 ya fi, kuma wannan ga mai lafiya ne. In kuma aka tsaga burodi aka cusa ƙosai aka kora da lemon kwalba, to an haɗa mai da farar fulawa da sukari a zama ɗaya.

Abin da zan ce a gwada masa: koko ƙaramin kofi ɗaya ba sukari, in da hali a bar masa ɗan dusarsa kar a tace sosai, ƙosai matsakaita uku zuwa huɗu na gida, a yanka masa kabeji da tumatir da albasa ko kokwamba a gefe don cikin ya cika. Kwana biyu ko uku a mako ya isa. Sauran ranakun ƙullun nan dai shi za ki zuba a gwangwani ki turara ya zama alale, waken ɗaya ne, amma man ke kika auna da cokali. Ko dafaffen wake da ɓawonsa da alayyafo, wanda a gaskiya ya fi su duka.

Saboda jinin kuma, gishiri. Ƙa'idar ita ce ƙasa da giram 5 a yini, ƙaramin cokali ɗaya kenan, na duk abincin yinin. Dunƙulen magi kusan rabinsa ko fiye gishiri ne, yajin da ake barbaɗawa shi ma da gishiri da magi aka daka shi. Ki zaɓi ɗaya, in ƙullun ya ji to yajinsa a daka masa daban da citta da barkono da tafarnuwa kawai. Albasa da attarugu in sun wadata a ƙullu ba ya neman wani abu da yawa.

Amma fa ban ga maigida ba, ban ga takardun gwajinsa ba, wannan lissafi na kowa da kowa ne. In kuna da na'urar gwajin suga ta gida ya gwada kafin ya karya, ya sake bayan awa biyu, a rubuta. Yawanci ana so na bayan cin abinci ya zama ƙasa da 10, ko 180 in na'urar mai nuna manyan lambobi ce, sai dai likitansa na iya sa masa nasa. Ranar koko da sukari a rubuta, ranar da babu a rubuta, jikinsa zai raba gardamar. In kuma an taɓa ce masa ƙodarsa ta taɓu to maganar ta canza gaba ɗaya, don a nan wake da fotasiyam ɗinsa sai da awo, kar a yi komai sai an koma asibiti. Maganin da aka ba shi kuma ba a ajiye shi don an gyara abinci.

Yara kuwa

Kar ki hana su. Yaro cikinsa ƙarami ne bukatarsa babba, abinci mai ƙarfi a ɗan ƙaramin wuri shi yake so, kuma mai na taimaka wa jiki ya tsotsi bitamin A. Yaron da ya tafi makaranta da koko da ƙosai a cikinsa ya fi wanda aka ba biskit da lemon leda nesa ba kusa ba. Abin da zan ƙara shi ne ɗan lemo ko gwaiba ko tumatir tare da shi, bitamin C na sa jiki ya fi amfana da ƙarfen da ke cikin wake. Shayi kuwa akasin haka yake yi, ganyen na riƙe ƙarfen, a bari sai bayan kamar awa ɗaya, ke ma wannan ya shafe ki in kina da ciki ko kina shayarwa. Jaririn da ya wuce wata shida alale mai laushi marar yaji ya fi masa, a murmushe masa sosai.

In za a sayo a waje a tura yaro da kwano mai murfi. Zafin ƙosai da maiƙo suna narkar da tawadar jarida, baƙar leda ma ba don abinci mai zafi aka yi ta ba. Kuma ki san wasu in wake ya yi tsada suna ƙara gari a ƙullun, za ki ji shi da nauyi kamar fanke, furotin ɗin ya ragu kenan.

Sauran 'yan kasko ba duka suke ɗaya da ƙosai ba. Awara ita ce ta kusa da shi, har ta ɗara shi a ingancin furotin tunda waken suya ne, in aka soya ta sama-sama ko aka jefa ta a miya ba laifi ga maigida. Fanke fulawa ce da sukari da yis da mai, daɗi ne kawai. Waina shinkafa ce, mai sauƙin mai in hannun mai zubawa bai yi nauyi ba, amma ga mai suga sai da lissafi. Soyayyar doya da dankali sitaci ne da mai.

Sai azumi, don na san in ya zo kaskon gidanku ba ya hutawa kwana 30. A nan ne nake ganin mutanen da suka yi ƙoƙari duk shekara sun dawo min bayan Sallah da nauyi ya ƙaru, sun yini ba ci amma an buɗe baki da ƙosai da soyayyen dankali da ƙwai da kunu mai zaƙi duk a tire ɗaya. A zaɓi soyayye ɗaya kacal a kowane buɗa-baki. Shi kuma maigida kafin watan ya kama ya je ya ga likitansa a kan yadda zai sha magani.

Ki gaida min Hajiya, ki ce mata ƙosanta na nan ba a kore shi ba, guda huɗu ne dai rabon ɗanta, kuma gwangwanin sukari ya bar gefen tabarmarsa.